Motar da Takardunta Suka Cika

Babu wanda ya isa ya cuci mutumin da ya iya karanta takarda. Wannan ita ce gaskiyar da Baba ya tsinta a cikin shekara ashirin da tara da ya yi yana riƙe da sashen motoci na ma'aikatarsu, kuma bai taɓa ganin dalilin sake duba ta ba. Motoci arba'in da ɗaya ne suka bi ta hannunsa, kowacce da fayil ɗinta, kowane fayil da lambarsa a ƙeya. Ya san ranar da aka sayi kowacce, ya san ranar da aka juye mata baƙin mai, ya san ranar da ta mutu da wanda ya sa hannu a kan mutuwar. Tuƙi kam bai koya ba. Aikin direbobi ne, kuma babba ba ya tashi daga kujerarsa ya ƙwace aikin na ƙasa da shi.

Saboda haka da mijin 'yarsa ya tashi sayen motarsa ta farko, ba a zauna shawarar wanda zai raka shi ba. Baba ya aiko cewa ranar Asabar, ƙarfe tara.

Mijin 'yar, Auta ake ce masa, a ɗakin gwajin jini na asibiti yake aiki. Shekararsa talatin da biyar, lasisin tuƙinsa wata biyu. Hannunsa ba ya rawa in yana laluben jijiyar jariri, amma Baba na yin gyaran murya sai ya rasa inda zai ajiye idonsa. Shekara bakwai da auren, bai taɓa ce wa surukinsa a'a ba. Mafi tsananin musun da ya taɓa yi masa shi ne "To, haka ne kuma," wannan ma sai da ya kwana biyu yana tunanin ko ya yi rashin kunya.

Ana gobe za su je, da rana ya sami direban motar ɗaukar marasa lafiya a inuwar bayan asibiti yana wanke tabarmar ƙasan motarsa. Jiniya ake kiransa, kuma shi kaɗai ne mutumin da Auta ya sani wanda ke kwana ya tashi da mota.

"Likita, abu biyu zan gaya maka, in na ƙara na uku za ka manta," in ji Jiniya. Duk wanda ya sa farar riga a asibitin Likita ne a bakinsa. "Fenti ƙarya ne. Ƙamshin ciki ƙarya ne, a kwalba ake sayar da shi. Lambar da ke nuna tafiyar da ta yi ma mayar da ita baya suke yi. Bar duk wannan. Na farko, ka ja burkin hannu, ka murza makulli rabi, kada ka tayar. Duk fitilun da ke gaban sitiyari za su kama. Nemi wata ja mai da'ira, ita ce ta burki. In ba ta kama ba, to ba lafiya ce ta hana ta ba, ƙwan aka cire don kada ta tona asiri."

"Na biyu fa?"

"Ka tayar, ka taka burki, ka riƙe shi. Kada ka saki. Ƙirga ashirin. In ya tsaya cak a ƙarƙashin ƙafarka, madalla. In ka ji yana sulalewa ƙasa a hankali kamar ka taka tsohuwar katifa, fito, ka yi musu sallama. Ko kyauta suka ce sun ba ka."

Auta ya yi 'yar dariya, ya ce ai ba za a kai ga haka ba.

Jiniya bai yi dariya ba. Ya matse tsumman hannunsa, ruwan da ya fito ja-ja ne. "Motar da ta ƙi tashi haushi kawai za ta ba ka. Wadda ta ƙi tsayawa ni za ta bai wa aiki. Ni nake kwaso su, Likita. Na san yadda suke zuwa."

Washegari a cikin tasi Baba ya shimfiɗa nasa dokokin. Yana rungume da sabon fayil mai ruwan ƙasa wanda ya riga ya rubuta wa "Mota" a ka, ya ja layi biyu a ƙasa da jan biro.

"Na ɗaya, mota takarda ce. Ƙarfe kowa na iya shafe shi da mai ya yi ƙyalli, amma hatimi ba ya ƙarya. Na biyu, ba a zuwa da bakanike. Bakanike da dillali uwarsu ɗaya, ido kawai za su haɗa su raba ka biyu. Na uku, kuma wannan ka riƙe shi da kyau, mai saye ba ya magana. Da zarar dillali ya ji muryarka ya san zurfin aljihunka. Ni zan yi magana. Kai ka yi kamar rakiya ka zo."

"To, Baba."

"Ko 'to' ɗin nan kada in ji ta a can."

Wurin sayar da motocin fili ne da aka kewaye da waya, motoci jere a rana kamar masu jiran a kira sunansu. A kusurwa akwai wani ɗakin kwano mai fanka ɗaya da kujerun roba uku. Dillalin ya fito da tarin makullai a yatsa, ya dubi takalman Baba, ya dubi na Auta, ya san wanda zai gaisar da hannu biyu.

"Ranka ya daɗe, sannu da zuwa. Wallahi tun daga ƙofa na ce yau mun yi baƙon da ya san mota."

Baba bai musa ba.

Wadda aka nuna musu mai ruwan toka ce, ƙofa huɗu, an gama wanke ta ke nan, ruwa na ɗiga daga jikinta, ƙasan da take tsaye ya jiƙe sharkaf. Ko akwai wani abu da ke ɗiga daga cikinta ban da ruwa, babu mai iya cewa. Dillalin ya ce ta wata dattijuwa ce, malamar makaranta, daga gida sai wurin aiki, ko ruwan sama ba ta taɓa bari ya dake ta ba.

"Ajiye labarin dattijuwa," in ji Baba. "Kowace mota a filin nan ta dattijuwa ce. Kawo takardu."

Fuskar dillalin ta yi haske irin na mutumin da aka tambaye shi abin da ya haddace. Ya kai Baba ɗakin kwano, ya goge masa kujera da hularsa, ya zube masa takardu a tebur. Kuma a yi wa Baba adalci, aikinsa ya iya. Ya ɗaga kowace takarda a hasken ƙofa. Ya shafa hatimi da babban yatsa. Ya fito da kansa ya durƙusa, da ciwon gwiwarsa da komai, ya karanta lambar shasi harafi-harafi ya gwada da ta takarda. Motar ba ta sata ba ce. Wannan Baba ya tabbatar da shi tabbacin da kotu ma ba za ta fi shi ba.

Sa'ad da suka koma ciki, Auta ya zauna a kujerar direba. Cikin motar na ƙamshin lemo. Ya ja burkin hannu, ya ji ya taho sama ba tare da wata gardama ba. Ya murza makulli rabi. Fitilu suka kama, ta mai, ta batir, wata ruwan ɗorawa mai siffar inji. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya. A gefen hagu akwai wani gurbi baƙi, in ya karkata kai yana iya ganin zanen da'irar a jikin gilashin, amma babu haske a bayanta.

Ya kashe, ya sake murzawa. Gurbin na nan baƙi.

Ya gaya wa kansa ƙwai na mutuwa don kansa, ai na ɗakin girkinsu ma ya mutu makon jiya. Ya tayar da injin, ya tashi tsaf, babu ko tari. Ya taka burki ya fara ƙirga. Ɗaya, biyu, uku, burkin na tsaye. Zuciyarsa ta fara sauka. Shida, bakwai. A kan takwas ya ji kamar wani ya ɗan janye ƙasa daga ƙarƙashin takalminsa. Ba da yawa ba. Sha biyu, ƙafarsa na tafiya. Sha bakwai, dunduniyarsa da yatsunsa duk suna kan tabarma, burkin ya kwanta.

Ya ɗaga ƙafa, ya buga sau biyu, burkin ya taso ya yi tauri kamar bai san zancen ba. Ya sake riƙewa. Wannan karon a kan bakwai ya fara tafiya.

Gumi ya keto masa a ƙeya. Ya fito, ya tsaya a ƙofar ɗakin kwano, ya jira Baba ya gama shafi.

"Baba, burkin nan..."

Baba bai ɗago ba. Yatsa ɗaya kawai ya ɗaga, yatsan da ya yi shekara ashirin da tara yana tsayar da direbobi a bakin ƙofa.

"Burki?" in ji dillalin, yana murmushi ga Baba, ba ga mai tambayar ba. "Allah ya yi wa Likita albarka, ya taɓo inda na fi alfahari. Ranka ya daɗe, duba ƙasan wancan." Ya zaro wani rasit mai ruwan hoda. An canza takalman burki na gaba da na baya wata huɗu da suka wuce. Ga kwanan wata, ga sa hannu, ga hatimi mai shunayya, kuma hatimin ya fito raɗau.

Baba ya karanta shi sau biyu, ya miƙa wa Auta ta saman kafaɗa ba tare da ya waiwaya ba. "Ka gani. Abin da kake lalube da ƙafa, ga shi a rubuce."

Auta ya riƙe rasit ɗin. Akwai magana a bakinsa, cikakkiya, ya ma jera ta: cewa takalmin burki daban, man da ke tura shi daban, kuma wannan man yana zurarewa ta wani wuri. Amma faɗinta na nufin ya ce wa mahaifin matarsa, a gaban dillali, cewa takarda ta yi ƙarya. Ya haɗiye ta.

Gwajin tuƙi dillalin ne ya yi, domin dokar wurin ke nan, in ji shi, sai an biya ake ba da sitiyari. Baba na gaba, Auta na baya yana leƙen ƙafafun mutumin ta tsakanin kujeru. Kafin kowace kwana ƙafar dama na buga burki sau biyu da sauri, kamar mai bin kiɗan da shi kaɗai ke ji, hannun kuma ya riga ya sauke giya tun daga nesa. Suka zaga layi ɗaya shimfiɗaɗɗe suka dawo. Baba ya yaba sanyin na'urar sanyaya ciki, ya kuma lura cewa rediyon na kama tashar labarai ba tare da sheshsheƙa ba.

An yi ciniki. Baba ya sa an rage wani abu, dillalin ya dafe ƙirji ya rantse cewa yau an yanka shi, Baba ya ji daɗi. Aka ce Auta ya tura kuɗin. Ya tura. Yatsan da bai taɓa kuskuren jijiya ba sai da ya yi kuskuren lambar sirri sau biyu.

Ya riga ya tsara abin da zai yi. Zai ja ta a hankali, giya ta biyu, gefen titi, har garejin farko da ya gani, ya ce iska zai ƙara wa taya.

"Shagon Uwata za mu," in ji Baba yana gyara zama. Haka yake kiran 'yarsa, jikarsa kuma ita ce amaryarsa. "Na riga na buga mata. Ita da amaryata su ne za su fara shiga."

"Baba, da mun ɗan biya wajen bakanike tukuna, ko don..."

"Don ya buɗe lafiyayyiyar mota ya zuba mata cuta? Ja mu tafi."

Tsakanin filin da shagon akwai tsayawa huɗu. Auta ya san su, domin tun kafin ya fita daga ƙofar waya ya lissafa su a kansa. A ta farko ya buga burki sau biyu, ya kama. A ta biyu sai da ya buga uku. A ta uku wani mai babur ya gitta masa, ya taka da ƙarfi, motar ta yi tunani kafin ta tsaya, tazarar da ta rage tsakaninsa da ƙafar mutumin ba ta kai taku ɗaya ba. Mai babur ya zage shi. Baba ya ce masu babur ba su da tarbiyya, ya ci gaba da jera takardu bisa kwanan wata. Rigar Auta ta manne a kujera. Duk abin da ke gabansa ya daina zama mutum ko mota, ya koma tazara kawai: daga nan zuwa wancan keken taku nawa, zuwa waccan matar mai goyo taku nawa.

Matarsa tela ce. Ta fito daga shago da tef ɗin awo a wuya, zare ya maƙale a zaninta, 'yarsu mai shekara biyar na tsalle a gabanta. Maƙwabtan shago suka fito su ma, mai gyaran waya da mai sayar da maɓallai da matar da ke kitso, ana ta Allah ya sanya alheri, Allah ya tsare, ana shafa bonet.

"Ina amaryata?" in ji Baba ta taga. "Zo ki ga motar da na zaɓo miki. Wannan mijin naki tsoho ne amma idonsa bai mutu ba."

"Ni ba na son ka, ba ka da haƙori," in ji yarinyar, ta riga ta buɗe ƙofar baya ta haye.

Auta ya fito ya ja matarsa gefe, kamar zai nuna mata but ɗin bayan motar.

"Ku hau tasi ku biyo mu."

Ta dubi fuskarsa, murmushinta ya tafi. "Me ya faru?"

"Burki. Yana sulalewa."

"Ka gaya wa Baba?"

"Na fara. Ya nuna mini rasit."

Ba ta tambayi wane rasit ba. A gidan ta girma. Ta dubi mahaifinta, wanda ya sauke gilashi yana yi wa mai gyaran waya bayanin yadda ake gane hatimin jabu, ga mutane biyar suna sauraro. Ta dubi 'yarta da ke danna duk abin da ke dannuwa. Fitar da yarinyar yanzu na bukatar dalili, kuma dalilin sai an faɗe shi da ƙarfi a gaban mutanen nan.

"Yana kamawa ko ba ya kamawa?"

"In na buga sau biyu, uku, yana kamawa."

"To ka bi ta bayan kasuwa, babu gangara. In mun isa gida ka ajiye ta, kada ka sake taɓa ta."

Baba ya so a ba shi yarinyar ya ɗora a cinya. Uwar ta ce a'a Baba, amai take yi in ta zauna a gaba, abin da yarinyar ta buɗe baki za ta ƙaryata, aka toshe mata shi da alewa. Ta lalubi bel ɗin baya. Na gefe ɗaya ya fito, amma bakin da ake soka shi ya shige ƙarƙashin kujera, ta tura hannu har wuyan hannu ba ta same shi ba. Ta jawo yarinyar jikinta, ta zagaye ta da hannun hagu.

Suka tashi. Auta ya kunna sigina tun da sauran nisa kafin kwanar bayan kasuwa.

"Ina za ka?" in ji Baba.

"Ta baya, Baba. Ta fi sauƙi."

"Hanyar ramukan nan? Da motar da ba ta yi awa ɗaya a hannunka ba? Miƙe."

"Baba, ai ta bayan ta fi..." in ji 'yarsa.

"Uwata, ke da keken ɗinki, ni da mota. Miƙe, na ce."

Daga baya Auta ya sha komawa wannan wurin a ransa, yana neman lokacin da ya yanke shawara, bai taɓa samunsa ba. Kwanar ta zo ta wuce. Hannuwansa sun bi umarni kafin kansa ya gama jin sa. Siginar ta ci gaba da ƙyaf-ƙyaf tana nuna hanyar da ba su bi ba.

Babban titin na tafiya shimfiɗe har gidan mai, daga nan ya sunkuya. Gangara ce doguwa, ba mai tsanani ba, irin wadda mai tafiya a ƙasa ba ya ma lura da ita. A gindinta akwai danja. Daga sama Auta na hango ta ja, da bas a tsaye, da mutane suna tsallakawa ta bayan bas ɗin, wani da buhu a ka, wata da yara biyu riƙe da gefen mayafinta.

Ya buga burki sau biyu. Ya ɗan kama, ya saki. Ya buga uku. Ya buga huɗu. A na biyar ƙafarsa ta tafi har ƙasa ba tare da ta gamu da komai ba, kamar mai saukowa daga bene da ya zaci akwai sauran matakala.

"Rage gudu mana," in ji Baba. "Ba tsere muke yi ba."

Ya fizgi burkin hannu. Ya taho har ƙarshe, motar ta ɗan yi ƙara a baya, ta ci gaba. Ya taka kuloci ya nemi giya ta biyu, ta ƙi shiga, ta yi gurnani, kuma yanzu da kulocin ke ƙasa motar ta sami 'yanci, ta ƙara mai da kanta. Itatuwan gefen titi suka fara wucewa da sauri. Ya ga rubutun da ke bayan bas ɗin ya fara karantuwa. Ya ga matar mai yara biyu ta tsaya tsakiyar titi tana gyara wa ƙaramin takalmi. Ya danna hon, hon ɗin kam lafiyarsa ƙalau. Bakinsa na ta salati ba tare da ya san ya fara ba.

"Kai, wane irin tuƙi ne wannan? Taka burki!"

"Yashi," in ji matarsa daga baya. Ba ta ɗaga murya ba. "Damanka. Yashin masu bulo."

Ya gani. Kafin danja akwai filin masu buga bulo, da tulin yashi sabon juyewa wanda ya kusa kai tsayin mutum, ya ɗan zubo bakin titi. Ya karya sitiyari. Taya ta hau dakalin gefen titi, motar ta yi tsalle, fayil ya tashi sama, sannan gaban motar ya nutse cikin yashin da wani sauti mai nauyi, kamar an yar da buhun siminti daga saman gini. Wani abu ya daki bayan kujerarsa da ƙarfi.

Injin ya mutu. Rediyo bai mutu ba, mai labarai na ci gaba da bayanin farashin taki. Yashi na zubowa a kan gilashi a hankali.

Sai yarinyar ta fasa kuka, kuma Auta bai taɓa jin sauti mai daɗin wannan ba. Ya juya. Ta ciji leɓenta, jini kaɗan, alewar na manne a rigarta. Uwar na rungume da ita da hannun hagu har yanzu. Hannun daman, wanda ta tokare bayan kujera da shi, ta riga ta janye shi cikin mayafi.

"Lafiya muke," ta ce. "Duba Baba."

Baba lafiyarsa lau, bel ɗin gaba ya yi aikinsa. Tabaransa ne ya faɗi, da ya same shi ya fara tattara takardu daga ƙasan mota, yana kaɗe musu yashi. Mutane suka taru. Masu bulo suka zo da shebur a hannu. Aka fito da kowa, aka yi ta sannu, Allah ya kiyaye gaba. Da Baba ya ga taron ya kai a yi masa jawabi, sai ya gyara hula.

"Sabon direba ne," ya ce. "Wata biyu da lasisi. Ya tashi taka burki ya taka totur, abin da suke yi ke nan. Na ga irin wannan ya fi sau goma a wurin aiki. Motar ba ta da laifi, ko wata biyar ba a yi da canza burkinta ba." Ya zaro rasit mai ruwan hoda, aka miƙa shi hannu zuwa hannu, kowa ya duba hatimin ya gyaɗa kai.

Ƙofar direba a buɗe take. Duk wanda ya ga dama zai iya zura ƙafa ya taka burkin ya ji. Babu wanda ya yi, domin ga dattijo ya yi bayani, ga kuma takarda.

"Ko ba haka aka yi ba?" in ji Baba, ya juyo.

Auta ya dubi matarsa. Tana tsaye a jikin bulo, leɓunanta sun yi fari, idonta na kan mahaifinta, tsohon da ke riƙe da fayil a ƙirji da hannu biyu. Ta ɗan girgiza wa mijinta kai, kaɗan, yadda shi kaɗai zai gani.

"Haka ne, Baba," ya ce.

Ita ce ta tsayar da tasi da hannun hagu. Ta ce Baba ya wuce gida da yarinyar, a wanke mata baki, su za su tsaya a jawo motar. Baba ya ce kada Auta ya sa abin a ransa, kowa da haka ya fara, zai yi magana da wani tsohon direbansa ya riƙa zuwa ranar Asabar yana ƙara masa darasi. Auta ya yi godiya.

Sai da tasin ta ɓace ta zauna a kan bulo, ta buɗe mayafin. Wuyan hannun ya kumbura ya yi sumul, kuma ya karkata ta inda hannu ba ya karkata.

A asibiti aka ɗauki hoto, aka ce ƙashi biyu ne, aka ce filasta mako takwas, bayan nan a ga yadda yatsun za su dawo. Mai ɗaurin ya san Auta, ya tambayi yadda aka yi. Ta riga mijinta amsawa, ta ce santsi ne ya kwashe ta a bakin shago.

Suka zauna a bencin baranda suna jiran filastar ta bushe. Ta ce ya ciro mata wayarta daga jaka, ya ɗora mata a cinya. Akwai ɗinki goma sha ɗaya a shago, huɗu na masu biki ne ranar Alhamis, ta riga ta yanka biyu.

Ta lalubo lambar farko da babban yatsan hagu, a hankali, tana kuskure tana gogewa.

"Salamu alaikum, Hajiya. Ni ce. Lafiya lau, wallahi. Dama cewa zan yi ki aiko a karɓi kayan nan, akwai wata tela a layin bayanmu, hannunta na da kyau, zan yi mata bayanin yadda kike so. A'a, ba komai, 'yar faɗuwa na yi. Amin, na gode. Ki yi haƙuri."

Ta kashe, ta ɗan rufe ido, ta buɗe. Sannan ta nemi lamba ta biyu.